Yatsan da Hure Ta Bari a Bakin Sa

Hure ta mutu da yatsu tara a hannu, kuma har gobe akwai masu cewa wuƙar fawa ce ta cire na goman. Ƙarya suke yi. A gabana aka yi, ni ce ma riƙe da igiyar.

'Yar kawuna ce, taubashiyata, don haka ina da izinin zaginta tana raye, ina da shi bayan ta mutu, ba kuma wanda zai kai ni ƙara. A Kademi aka haife ta. Gajera ce, baƙa, ƙafafu kamar taɓarya biyu, murya kuwa in ta yi miki sannu sai kin waiwaya ki ga da wa ake faɗa. Mijinta na fari makiyayi ne, Abdulsalam, ya ɗauke ta zuwa ruga. Ta yi shekaru tana bin shanu tare da uwar mijinta Hanne, tsohuwar da ta fi sanin cikin saniya a kan cikin 'ya'yanta. Da Abdulsalam ya rasu ta dawo da ƙwarya da tabarma. Ta sake aure, wannan ma ya rasu ya bar ta. Na ce mata ta ƙyale mazan ƙasar Gaya haka nan kada su ƙare. Ta ce ai nawa mijin take jira in gaji da shi.

A shekarun da gyaɗa ke tashe, bayan an sauke tutar Turawa, ta tare a Ajingi ta kama aikin da ba mai ƙwace mata: wankin tumbi a kwata, wajen Gwadabe mahauci. Ga wanda bai sani ba, in an yanka sa an farke shi, akwai wata ƙatuwar jaka a ciki inda ciyawar da ya ci take taruwa, shi ne tumbi. Abin da ke cikinsa, tuƙa, koriya ce, mai ɗumi, mai warin da ke raka mutum har gida. Hure ke zazzage ta, ta wanke tumbin, a sallame ta da ɗan kayan ciki. In ta shigo gidan biki ranar kasuwa, sai mata su tuna sun bar tukunya a wuta.

Tuƙar nan kowa zubarwa yake yi. Ita kuwa ɗauka take a daro, a ka, ta kai wani rami bayan ɗakinta. Ta shimfiɗa karan dawa da ɓawon gyaɗa, ta zuba tuƙa, ta yayyafa ruwa, ta ƙara kara, ta rufe da tsohuwar zana. Karan da in kin bar shi a gona zai shekara yana kallonki, a ramin Hure kafin damina ya zama baƙi, kina murzawa yana narkewa a hannu. Kuɓewarta da barkononta a wannan ɗan fili har masu gona ke leƙawa ta darni.

Na taɓa tambayarta wane irin tsafi ne. Ta ce in je in ci kara in gani ko zan ƙoshi. Na ce ni ba saniya ba ce. Ta ce saniyar ma ba ita ke ci ba, taunawa kawai take ta aika. Akwai ma'aikata a cikin tumbi, ido ba ya ganinsu, su ke narkar da kara ya zama abinci, kamar yadda ɗan tsohon nono ke kama sabuwar madara. In sun ji sanyi su mutu, in sun sha iska su mutu. Na ce to ta gaishe su, amma ta matsa can, suna wari.

Yanzu sai maigidana. Maiwada sunansa. Yau dai na faɗa, tunda ba zai taso daga kabari ya ce na yi rashin kunya ba. Manomi ne ɗan manomi, a wani ɗan ƙauye kusa da Ajingi, in kin fita da hantsi kina isa kafin rana ta yi zafi. A kakanninsa ba wanda ya taɓa mallakar abin da ya fi akuya. Wata shekara gyaɗa ta yi masa kyau ya sayi karsana, ya sa mata suna 'Yar Gyaɗa. Ya iya shafa ta, ya iya yi mata kirari, ya iya nuna ta ga baƙi. Abin da ke faruwa a cikinta ne bai sani ba.

Sai farin saba'in da uku ya zo. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Kafin bazara shanu na faɗuwa a bakin hanya, masu su su tsaya su duba su wuce. A cikin wannan hali 'Yar Gyaɗa ta haihu. Mun ciyar da ita da karan darni, da jinkar rumbu, tunda rumbun ba abin da yake rufewa. Maraƙin bai daɗe ba ya mutu, amma ita ta ci gaba da ba da ɗan nono, bai cika ƙaramar ƙwarya ba. Wannan ɗan nonon shi ke riƙe da ran jikana Hadi. Uwarsa Lami, 'yata, ta dawo gida da zazzaɓi, mijinta ya tafi cin rani Kano, nononta ya ƙafe ƙaf. Yaron bai isa cin tuwo ba, ko da akwai tuwon. A ƙauyen duka ba wata saniyar tatsa, ba kuma mai shayarwar da ke da ragi bayan nata ɗan.

Ana haka aka kawo dawar agaji, wata ja mai warin buhu. Na tuƙa tuwo da ita ya ƙi haɗuwa. Maiwada ya kai loma ɗaya ya ce wannan ba abincin mutane ba ne. Da yamma ina ɗaki wajen Lami, ya jiƙa daro guda cike ya ajiye wa 'Yar Gyaɗa. Nufinsa alheri ne, in ba shi haƙƙinsa: ta ci ta ƙoshi, nono ya ƙaru, yaro ya sha. Dabbar da ta yi watanni ba ta ga ƙwaya ba ta lashe daron har ƙasa. Ya shigo yana ba ni labari yana murna.

Da safe tana kwance. Cikinta ya kumbura ta hagu, in an taɓa sai ya yi ƙara kamar salkar ruwa. Ga zawo mai tsami, kunnuwa sun yi sanyi. Bakinta kuwa a tsaye cak. Lafiyayyar saniya in ta kwanta tuƙa take yi, ta dawo da abin da ta haɗiye tana sake taunawa. Wannan ba ta yi. Na matsa hantsarta, ko ɗigo.

Maƙwabta suka taru, bakinsu ɗaya: a yanka kafin ta zama mushe. In an yanka akwai nama, in ta mutu da kanta sai ungulu. Ba wanda ya ambaci Hadi, ga shi kuwa kukansa na fitowa daga ɗaki kowa na ji. Ranar kasuwar Ajingi ce. Maiwada ya tafi kiran Gwadabe. Ni kuma na yafa mayafi na bi ta wata hanyar, na ce kulle ya jira ni in dawo.

Na sami Hure a kwata, hannuwa kore har gwiwar hannu. Ba ta tambayi lafiyar kowa ba, ta ce me saniyar ta ci. Na gaya mata.

"Hansai, da a ce da hankali ake aure, mijin nan naki har yau tuzuru ne."

Ta ce dawar ta yi tsami a tumbi ta kashe ma'aikatan. Saniyar cikinta cike yake amma yunwa ce za ta kashe ta, in tsamin bai riga ba. Sai an ba ta kanwa ta kashe tsamin, sannan a zuba mata sababbin ma'aikata daga lafiyayyar dabba, da ransu, da ɗuminsu. Haka tsohuwa Hanne ke yi wa maruƙa a ruga. Na nuna mata tulin tuƙar da ke gabanta. Ta sa ƙafa ta tona. Ta ce ta shanun da yunwa ta gama da su ce, rabi yashi rabi tsumma, kuma ta yi sanyi tun safe.

Lafiyayyar dabba ɗaya ce a kasuwar nan kaf. Wani jan sa ne da Gwadabe ya sayo daga masu kiwo a fadamar bakin kogi, ya ɗaure shi a gindin tsamiya bayan kwata, sai ranar kasuwar Gaya zai yanka. Hure ta wanke hannu ta je ta durƙusa gaban Gwadabe, abin da ban taɓa ganin ta yi wa namiji ba, ta roƙe shi ya yanka yau. Ya ce ba zai kayar da sa saboda abin da ke tumbinsa ba. Ya riga ya gaya wa Maiwada yana zuwa da wuƙa bayan la'asar, kuma irin wannan ciwon ya gani ba adadi, ba wadda ta tashi. Ta ce to ya bari ta ɗiba daga bakin san yana raye. Nan ya ajiye naman da yake yanka. Ya ce kowa ya san san da aka ƙwace wa abinci a baki ramewa yake yi, duk wanda ya taɓa masa dabba zamansa a kwata ya ƙare.

Allah ya yafe mana, sallar mutane muka jira. Da aka kira azahar mahauta suka tafi, Hure ta ɗumama ruwa a murhun mai tsire, ta zuba a gora, ta cusa goran cikin zane a jikin fatar cikinta. Muka zagaya bayan kwata.

San na kwance a inuwa, ido a lumshe, yana tuƙa kamar attajiri da goro. Hure ta miƙo min igiyar da ke hancinsa.

"Riƙe. In kika sake, ni da ke har lahira."

Ta ce in dubi wuyansa ta hagu. Can sai na ga wani ƙullutu yana hawa ƙarƙashin fata, a hankali, daga ƙirji zuwa muƙamuƙi. Yana isa baki ta ce ja. Na ja da duk ƙarfina, kansa ya ɗaga, ta kama harshen da hannu ɗaya, ta zura ɗayan ta gefen baki ta kwaso. Dunƙule ne kamar na fura, kore, yana tururi. Ta jefa a gora ta toshe da tsumma.

San ya ji haushi ya daina tuƙa. Dole mu tsuguna mu jira ya manta. Daga can ina jin kabbarar liman, ina lissafa raka'a a zuciya, ina roƙon Allah ya sa ya ja ruku'u. San ya huce, ƙullutu ya hau, muka sake. Muka sake. Kowane karo jiran ya fi na baya tsawo. Sai na ji an sallame, na ji muryoyin maza suna tahowa. Na ce ya isa. Ta girgiza goran a kunnenta ta ce bai isa ba, ɗaya kawai.

Wannan karon san ya gane mu. Tana zura hannu ya murɗa kai, igiyar ta ƙone min tafi amma ban sake ba, wannan kam a rubuta. Na ji wani ƙas, kamar an taka ƙashin kaza. Saniya ba ta da haƙoran gaba na sama, amma turamen da ke can ciki su ke niƙe kara. Hure ba ta yi ihu ba. Ta zaro hannun da tuƙar a ciki, ta sa a gora, ta toshe, sannan ta duba. Yatsan da ke kusa da ƙaramin yana reto.

Gwadabe na tsaye a bayanmu. Bakin sansa ya fara dubawa kafin hannunta.

"Hure, na faɗa miki."

"Ka faɗa."

"To kin gama."

Ta yage ɗankwalinta da haƙori ta naɗe hannun, muka kama hanya.

Tafiyar nan ba zan manta ba. Rana a tsaka, yashi na cin ƙafa, ita tana gaba a sunkuye, ta rungume goran a ƙarƙashin zane, jini na ɗiga yana yi mana alama a hanya. Wata mata da muka haɗu da ita ta dubi cikin ta ce Allah ya sauke lafiya. Hure ta ce amin. Na ce ta ba ni in riƙe, ta ce a'a, jikina sanyi ne kamar na ƙadangare, zan kashe mata su.

A gida ta sa aka tayar da saniyar ta zauna a kan ƙirjinta, aka tokare ta da turmi don kada ta kwanta ta gefe. Ta jiƙa kanwa ta ɗura mata da kwalba, kaɗan-kaɗan, tana shafa maƙogwaro kada ta ƙware. Ta jira. Sannan ta tace ruwan goran da tsumma, tana tacewa tana ɗurawa don kada ya sha iska. Ta ce a cire duk wata ƙwaya daga inda hancin dabbar nan zai kai, a ajiye mata busasshiyar ciyawa kawai, ko daga jinkar ɗakin Maiwada ne a zaro. Daga can ɗin kuwa aka zaro.

Hadi ma ba ta manta da shi ba. Ta ce in dama kunu mai kauri, in nemo tsiron gero. Akwai ɗan ragowa a gwangwani tun zamanin da muke kunun zaƙi. Ta barbaɗa ta juya, kunun da ke riƙe ludayi ya tsinke a gabanmu ya zama ruwa. Ta ce waɗannan ma ma'aikata ne, na cikin tsiro, zai iya haɗiya yanzu. Ya haɗiya ɗan kaɗan, yawanci ya dawo. Ta ce wannan tokara ce, ba nono ba ne, ba zai riƙe shi da nisa ba.

Bayan la'asar Gwadabe ya zo kamar yadda ya ce, wuƙa a kube. Maza suka cika tsakar gida. Ya buɗe leɓen saniyar ya duba dasashi, ya taɓa kunne, ya ce ba za ta ga gobe ba, kuma wannan ciwon ba ya sallama, tsakanin numfashi da numfashi take tafiya. Ba ƙarya ya yi da gangan ba, abin da ya saba gani ya faɗa. Dattawa suka ce wa Maiwada kada ya yi asara biyu. Shi kuwa yana tsaye kamar an dasa shi, ya kasa kallon kowa.

Hure na zaune a ƙasa ta jingina da saniyar. Ba ta ɗaga murya ba.

"Malam Maiwada, naman nan kwana nawa zai yi muku? Yaron da ke ɗaki yana cin nama?"

Daga ɗaki kowa ya ji kukan Hadi, ya sirance ya koma kamar na ɗan kyanwa. Maiwada ya ce a jira. Ya faɗa a hankali har sai da aka ce ya maimaita. Gwadabe ya zare wuƙar ya ɗora a kan turmi.

"Ga ta nan. In ta fara shure-shure kada ka tsaya neman alwala."

Ya fita bai waiwayi Hure ba.

Gari ya waye saniyar na nan, ba ta mutu ba, ba ta yi tuƙa ba. Ciyawar na gabanta ko shinshina ba ta yi ba. Hannun Hure ya kumbura kamar gwanda, zazzaɓi ya rufe ta, amma ta ƙi shiga ɗaki. Ta manna kunne a cikin saniyar ta hagu. Da safe ta ce ba ta jin komai. Da hantsi ta ce tana jin wani abu kamar tsawa daga nesa. Na ce nata cikin ne ke kuka, tun jiya ba ta ci ba. Ba ta rama ba, nan na san jikin ya yi tsanani. Lami ta rarrafo bakin ƙofa da yaron a cinya, ya daina kukan ma, idanu kawai. Maza suka dawo ɗaya-ɗaya suka zauna a inuwar ɗaki. Maiwada na tsugune kusa da turmi, kusa da wuƙa.

Gab da azahar 'Yar Gyaɗa ta miƙe wuya. Ta yi wani nishi mai tsawo, ƙafafun baya suka ɗauki rawa, idanu suka juya. Maza suka miƙe gaba ɗaya, aka ce tafiya take, a yanka. Biyu suka kama ƙaho suna juya kan zuwa alƙibla. Maiwada ya ɗauki wuƙa, mutumin da bai taɓa yanka abin da ya wuce rago ba, ya yi bisimilla ya kai ta wuya.

Hure ta ɗora hannun nan mai tsumma daidai inda wuƙar za ta bi.

"Ɗauke hannunki, Hure."

"Yanka da shi, ai ya riga ya lalace."

Dattawa na ta magana, wani ya kama kafaɗarta zai janye ta. Ni kuwa tsumman nake kallo, don ba ni da inda zan kalla. Sai na ga ya ɗaga. Wani abu ya bi ta ƙarƙashin hannunta, ya wuce bakin wuƙa, yana hawa a hankali har muƙamuƙi. Wanda ya riƙe ƙaho ya sassauta. Bakin saniyar ya karkata gefe sau ɗaya ya tsaya. Muka tsaya tare da shi. Ya sake karkatawa, ya sake, ya kama tafiya.

Maiwada ya zauna daɓas a ƙasa, wani ya karɓe wuƙar daga hannunsa. Hure ta ce wani ya ba ta ruwa, kuma a kori mutanen nan daga kan saniya, ba biki ake ba.

Nonon bai dawo ran nan ba, sai bayan wasu kwanaki da ba na son tunawa, muna ta ɗura wa yaro tsinkakken kunu yana haɗiyar rabi. Da ya dawo ma ɗigo-ɗigo ne, bai taɓa kai na da ba. Amma ya isa. Hadi ya riƙe har ruwa ya sauka, har Lami ta miƙe.

Yatsan ya yi baƙi, wanzami ya ƙarasa abin da sa ya fara. Gwadabe ya cika maganarsa. Maiwada da kansa ya mayar masa da wuƙa ya roƙe shi, ya karɓi wuƙar ya bar roƙon. San kuwa bai rame ba, da kitsensa aka yanka shi a Gaya, kuma duk inda na haɗu da Gwadabe sai na tambaye shi lafiyar ramammen sa, har ya sauya hanya. Hakan bai mayar wa Hure da aikinta ba. Ba kwata, ba tuƙa, raminta ya mutu, kuɓewar ta koma irin ta kowa. Ta tattara ta koma Kademi gidan ƙanenta tana sayar da daddawa, wato ta bar wari ta kama wari. Duk kaka Maiwada na aika mata damin gero, ita kuma ta aiko a tambaye shi ko ya jiƙa mata a daro. A can ta rasu, shekarar da soja suka miƙa mulki.

Hadi yanzu ƙato ne, malamin gona, da tumbinsa shi ma. Ya ce ma'aikatan nan na Hure suna da sunaye a littafi, har akwai inda ake kiwonsu a manyan tankuna suna narkar da kara ya zama sukari da man mota. Na ce madalla, a gaishe su. Abin da ya dame ni da shi ɗaya ne: ba ya cin tumbi, wai wari yake masa. Shi ya sa duk sallar layya nake keɓe masa babban yanki, in ja kujera in zauna a gabansa har sai ya cinye.